Querulous, Mita da Koke: Nazarin Asali da Ma'ana

Kalmar Ingilishi querulous sifa ce ta mutumin da ƙorafi ya zame masa ɗabi'a. Asalinta kalmar Latin querulus, wadda ta tsiro daga aikatau queri, wato kai kuka. Daga wannan saiwa ce querela ta fito, ma'ana ƙara ko koke, wadda ta haifar da quarrel.

A Hausa, mita ce ta fi dacewa da ita: nanata magana kan abin da ya wuce ko bai taka kara ya karya ba. Guna-guni a ƙasan maƙoshi ake yin sa, koke kuwa gaban mai iko ake kai shi domin neman magani.

Bambancin yana da nauyi wajen fassara. Iyayen ɗalibai fiye da 300 da aka sace a Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba, 2020, da manoman Faskari da Sabuwa da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, sun nanata kukansu. Mai fassarar da ya kira wannan mita ya ɗora laifi kan mai kuka, ya wanke wanda aka kai wa kukan. Koke ne.