Amsar Tambaya: Daga Gyaran Tabarau Zuwa Madubin Hangen Taurari

Tambaya: Malam, na karanta fiziks, ina gyaran tabarau a Barnawa, Kaduna. Burina in zama injiniyan gwajin madubin na'urar hangen taurari. Ta ina zan fara?

Amsa: Ɗana, burinka mai kyau ne. Aikin awo ne tsantsa. Misali, a 1990 aka gano gefen madubin na'urar hangen taurari ta Hubble ya kauce da kusan kashi ɗaya cikin hamsin na kaurin silin gashi, hotunansa suka riƙa zuwa dishi-dishi har 1993.

Nemi digiri na biyu a kimiyyar haske. Jami'ar Arizona ta Amurka na ƙera madubi mai faɗin mita 8.4. Ka tuntuɓi cibiyar hukumar binciken sararin samaniya ta Najeriya (NASRDA) da ke Nsukka. Kafin nan, koyi harshen kwamfuta na Python, ka riƙa rubuta duk awon da ka yi a shago. Kada ka ba dillalin biza ko kwabo, kada kuma ka saki sana'arka tukuna.