Darasi: Tuhuma Daban, Tsigewa Daban

Darasinmu na wannan fitowa zai kai mu ƙasar Amurka, inda a shekarar 1998 majalisar dokoki ta zauna kan shugaban ƙasa Bill Clinton. An zarge shi da yin ƙarya bayan ya yi rantsuwa, don ya ɓoye wata alaƙa ta assha tsakaninsa da wata budurwa mai aiki a fadar gwamnati.

Ranar 19 ga Disamba, 1998, majalisar wakilai ta amince da tuhuma biyu. Ta farko shaidar zur, da ƙuri'a 228 a kan 206. Ta biyu yi wa shari'a zagon ƙasa, da ƙuri'a 221 a kan 212. Mutane da yawa da suka ji labarin a rediyo sun zaci an kore shi ke nan. To, a nan ne ya kamata mu lura. A tsarin Amurka majalisar wakilai mai gabatar da ƙara ce kawai. Majalisar dattawa ita ce kotu, babban alƙalin ƙasa ke jagorantar zaman, kuma sai kashi biyu cikin uku sun yarda, wato 67 daga cikin 100, sannan shugaba ya sauka.

Muhawarar ta yi zafi. Masu neman tsigewa suka ce shugaba bai fi ƙarfin doka ba. In talaka ya rantse kan ƙarya ana ɗaure shi, me ya sa za a ƙyale babba? Magoya bayansa ba su wanke shi ba. Cewa suka yi abin kunya ne, amma tsarin mulki ya ambaci cin amanar ƙasa da rashawa da manyan laifuka, kuma wannan bai kai a rushe zaɓen miliyoyin jama'a ba. A ganinmu kowane ɓangare yana da hujja mai nauyi. Abin takaicin shi ne, da aka zo ƙuri'a, jam'iyya aka fi bi. Ranar 12 ga Fabrairu, 1999, dattawa 45 ne suka same shi da laifi a tuhumar farko, 50 a ta biyu, kuma babu ɗan jam'iyyarsa ko ɗaya a cikinsu. Clinton ya ƙarasa wa'adinsa a 2001.

Mu a nan Gana fa? Sashe na 69 na tsarin mulkin 1992 ya ƙara wani mataki. Sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan majalisa sun sa hannu a takarda, sannan babban alƙali da manyan alƙalai huɗu na kotun ƙoli su duba ko zargin yana da tushe. In sun tabbatar, majalisa ta yi ƙuri'a a asirce, nan ma sai da kashi biyu cikin uku. Har yanzu ba a taɓa sauke wani shugaban Gana ta wannan hanya ba.