Ciwon Farce Da Ƙwayar Yisti

A zangon karatun da ya wuce na yi fama da wani ciwo a yatsana na dama wanda ya kusa hana ni rubuta jarrabawa. Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan, don 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su ƙaru da abin da na koya.

Abin ya faro ne lokacin da aka sa ɗakinmu wanke kwanonin abinci, ga kuma wankin tufafina. Kullum hannuna cikin ruwa da sabulu. Sai na ga gindin farcen ya kumbura, ya yi ja, in na danna sai ɗan farin ruwa ya fito. Ƙawayena suka ce ɗan karkare ne, in huda lemun tsami in tura yatsan ciki. Na yi, ban samu komai ba sai zafi. Da farcen ya fara canza launi, sai kunya ta kama ni, na rufe shi da lalle. Haka na yi sati shida ina ɓoyewa, har riƙe alƙalami ya gagare ni. Ranar duba tsafta matiron ta kama hannuna, ta yi mini faɗa, ta sa aka kai ni asibiti. A can ne likita ya ce ƙwayar yisti ce ta samu gindin zama.

To, mene ne yisti? Wata ƙaramar halitta ce dangin fumfuna, wadda ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Yistin da ake kwaɓa burodi da shi ɗan'uwanta ne, amma ba shi ke kawo ciwo ba. Wadda ta kama ni sunanta Kandida. Abin mamaki, tana zaune a baki da hanjin mutane da yawa masu ƙoshin lafiya ba tare da ta cuce su ba. Sai ta samu danshi da ɗumi sa'an nan ta yaɗu ta zama cuta. Likita ya ce ruwa da sabulu ne suka fara cinye siririyar fatar nan da ke rufe gindin farce, watau su suka buɗe mata ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ba farce kaɗai take kamawa ba. Takan kama duk inda fata ke haɗuwa da fata, kamar hammata, da matsematsi, da tsakanin yatsu, da ƙarƙashin nono. Wurin yakan yi ja, ya yi ƙaiƙayi, da ƙananan ƙuraje a gefe. Ita ce kuma ke sa farin abu a harshen jarirai. Kyasbi ma, wanda ke fitowa dabbare-dabbare a wuya da ƙirji da baya, wata irin yisti ce mai suna Malaseziya ke kawo shi, mai son zufa da maiƙon jiki. Amma makero ba yisti ba ne, ko da yake shi ma dangin fumfuna ne.

Waɗanda ta fi kamawa su ne masu daɗewa da hannu cikin ruwa, da masu ƙiba, da jarirai, da waɗanda suka daɗe suna shan maganin kashe ƙwayoyin cuta, da waɗanda garkuwar jikinsu ta yi rauni. Har wa yau akwai masu ciwon sukari. Saboda haka idan ciwon yana tafiya yana dawowa, ya kamata a auna jinin mutum.

Game da magani, akwai man shafawa irin su kulotirimazol da nistatin. Shi nistatin wasu mata biyu ne masana kimiyya a Amurka, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano shi a 1950. Da na karanta haka na ji daɗi ƙwarai, na ce ashe mu ma mata ba a bar mu a baya ba. Sai dai magani na bukatar haƙuri. Farcen hannu yana tsiro kamar milimita 3 ne kawai a wata, don haka sabon farce yakan ɗauki wajen wata shida kafin ya kammala. Na ƙafa kuwa yakan kai shekara ko fiye. Nawa ma har yanzu da saura kaɗan.

Ga shawarata ga 'yan'uwana. Na ɗaya, mu tsane jikinmu sosai bayan wanka, musamman tsakanin yatsu. Na biyu, kada mu sa safa ko rigar ciki da ba ta gama bushewa ba don gudun makara. Na uku, mu daina cizon farce da yanke fatar gindinsa da reza. Na huɗu, kada mu shafa man da ƙawa ta ba mu, domin wasu mayukan, har da na sa hasken fata, sukan kwantar da ƙaiƙayi amma su ƙara wa cutar ƙarfi.

Iyayenmu mata kuma, ku da hannunku ba ya rabuwa da wanke-wanke da surfe da wankin tsaba, ina roƙonku ku riƙa tsane hannu, ku sa safar roba in da hali. Da na je hutu na duba yatsun Innata, na ga irin kumburin nan a biyu daga ciki. Ta ce ai ta shekara da shi, ta ɗauka gajiyar aiki ce. Ban bar ta ba sai da Baba ya kai ta asibiti.

Da na nuna yatsana tun satin farko, da ban sha wuyar nan ba. Gaskiyar masu magana, rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu lafiya, amin.