Tabar wiwi a bakin mawaƙa: darasi ga muridi

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Shugaban Halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, yabon tabar wiwi ya yi ƙarfi ne a kiɗan rege na tsibirin Jamaika. A can aƙidar Rastafari ta tsiro a shekarun 1930, kuma mabiyanta suna ɗaukar wiwi ganyen ibada ne. Ganja suke kiranta, sunan da ya zo daga Indiya tare da leburorin da Turawan Ingila suka kai gonakin rake a ƙarni na 19. A 1976 Peter Tosh ya fitar da faifai mai suna Legalize It, yana neman a halatta ta. A 1978 Bob Marley ya fitar da Kaya, wanda shi ma sunan wiwi ne. Daga baya mawaƙan rap na Amurka suka ɗauka: faifan Dr. Dre na 1992, The Chronic, sunan wiwi mai ƙarfi ne.

Da'awa biyu ce ke cikin waɗannan waƙoƙi. Rap yawanci jin daɗi da taƙama yake tallatawa, kuma wannan ba ya ɓuya ga mai hankali. Rege kuwa cewa yake hayaƙin yana buɗe zuciya, yana kai mutum ga tunani mai zurfi. Wannan ta biyun ta fi hatsari ga muridi, domin in ya ji ta a waya a zaman fada, sai ta yi masa kama da abin da yake ji a zawiya game da buɗi da sukru, wato mayen soyayyar Allah.

Kamar a suna kawai take. Sukrun sufaye hali ne da Allah ke ba bawa bayan zikiri da yaƙi da son rai. Ba a sayensa, ba a naɗe shi a takarda. Duk da haka Imamu Junaidu na Bagadaza ya fifita sahwu, wato farkawar hankali, a kansa. Ruɗin ma ba sabo ba ne: tun a ƙarni na 14 Imamu Zarkashi na Masar ya rubuta littafi kan haramcin hashisha, wadda daga tsiron wiwi ake samunta. Shari'a ta haramta duk abin da ke sa maye, kuma kiyaye hankali na cikin manyan manufofinta.

Likitoci sun tabbatar cewa sinadarin THC da ke cikin wiwi yana raunana riƙe abu a ƙwaƙwalwa da tattara hankali. Wuridi kuwa ba ya samun rai sai da halartar zuciya. Saboda haka ma'aunin mai sauƙi ne: halin da ya zo daga Allah yana barin bawa da tada salla a kan lokaci da kunya da cika alkawari. Wanda ya zo daga hayaƙi yana barinsa da neman ƙarin hayaƙi.

Adalci ne a faɗi cewa mawaƙan rege sun yi kukan gaskiya a kan bauta da zalunci da talauci. Muridi yana iya gane ciwon ba tare da ya karɓi maganinsu ba. Wanda kuma ya riga ya faɗa shan wiwi, ba abin gori ba ne. Ƴan'uwa su ja shi zuwa majalisin zikiri, su raka shi wurin likita in abin ya yi nisa.

Allah Ya tsare hankalin matasa, Ya shayar da zukata daga tafkin ambatonSa. Amin.