Darasi na Goma Sha Huɗu: Tafiya Zuwa Tafkin Dagona

Karanta wannan labari a tsanake, sannan ka amsa tambayoyin da ke biye.

A wasu sassan Nijeriya, idan ɗalibai suka fita yawon buɗe ido, sukan nufi inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse, kamar Gurara a Jihar Neja ko Matsirga kusa da Kafancan. A arewacin Jihar Yobe kuwa babu manyan duwatsu. Ƙasar shimfiɗe take kamar tabarma, don haka ruwanta ba ya faɗowa, malala yake yi. Wannan malala ce ta haifar da fadamun Haɗeja da Nguru, kuma a cikinsu Tafkin Dagona yake.

Tafkin yana cikin Gandun Dajin Yankin Tafkin Cadi, wanda Gwamnatin Tarayya ta kafa a shekarar 1991. Gandun ya kasu kashi uku: Cingurmi-Duguma a Jihar Borno, sai Bulatura da Bade-Nguru a Jihar Yobe. Dagona tana cikin kashin Bade-Nguru, a yammacin Gashuwa.

Wata Asabar cikin watan Janairu, wani malami da ɗalibansa suka tashi daga Dapchi da asuba. Suka bi ta Bayamari, suka wuce Gashuwa, hantsi bai dubi ludayi ba suka isa bakin gandun. Wani dattijo, ma'aikacin gandun daji, ya tarye su. Bayan an gaisa ya ce, "'Ya'yana, daga nan sai tafiyar ƙasa. Ku bi sahuna, ku rage murya, kada kowa ya karya reshe ko ya yi jifa. Tsuntsu yana jin mutum tun kafin ya gan shi."

Suka kama wata 'yar siririyar hanya, suna tafe ɗaya bayan ɗaya. Da farko rairayi suka taka, tsakanin goruba da aduwa. Can gaba ƙasa ta sauya, ta zama baƙin laka wanda ya bushe ya tsattsage, itatuwa kuma suka koma bagaruwa da giyayya. Dattijon ya tsaya a gindin wata giyayya, ya nuna musu wani zane da laka ta bari a jikinta, daidai ƙugun mutum. Ya ce, "Nan ruwa ya tsaya da damina. Inda kuke tsaye yanzu, a watan Satumba sai da kwalekwale."

Ba su yi tafiyar awa ɗaya ba sai suka fara jin wata hayaniya kamar ta kasuwa. Da suka fito daga cikin itatuwa sai ga tafki a gabansu, bakinsa cike da tsuntsaye. Ga dinya da kirinjijiya suna iyo, ga zalɓe tsaye cikin ruwa yana fakon kifi, ga balbela fari fat a kan rassa. Ɗalibai suka yi tsit. Lalle gani ya kori ji.

Dattijon ya miƙa wa wata ɗaliba madubin hangen nesa, ya nuna mata wasu ƙananan agwagi. Ta ce, "Baba, waɗannan ban taɓa ganin irinsu ba." Ya ce, "Baƙi ne, 'yata. Daga Turai suke." Malam ya ƙara bayani cewa idan sanyi ya tsananta a Turai, ruwa ya daskare, abinci ya yi wuya, tsuntsaye da yawa sukan yi ƙaura. Sukan ƙetare Bahar Rum da hamadar Sahara, su sauka a fadamu irin wannan, su yi hunturu, sannan su koma wajen watan Maris. Saboda waɗannan baƙi ne sunan Dagona ya kai nesa. Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan lokaci, ya ziyarci wurin a 1989, kuma a 2008 aka sa tafkin cikin jerin fadamu masu muhimmanci na duniya a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Sai wani ɗalibi ya ce, "Malam, ga shi an yi wata uku ba a yi ruwan sama ba. Daga ina tafkin yake samun ruwa?" Malam ya ce tambayar ta yi ma'ana, domin yawancin ruwan ba na nan ba ne. Kogin Haɗeja yana kawo shi daga ƙasar Kano, Kogin Jama'are kuma daga tsaunukan Jos. Idan suka iso wannan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai su tumbatsa, su cika fadamu da tafkuna, ragowar ta bi Kogin Yobe zuwa Tafkin Cadi.

Amma ambaliyar ba ta kai ta dā ba. An gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Calawa a 1992, domin noman rani da ruwan sha a Kano, sai tafiyar ruwan Kogin Haɗeja ta sauya. Ciyawar kacala kuma ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, har wani wuri ya yi ta kwana cikin ruwa, wani kuwa ya bushe. Dattijon ya ce shekarar da ruwa bai zo sosai ba, tafkin yakan janye da wuri, tsuntsaye su tashi. Ba su kaɗai abin ke shafa ba. Masunci yakan rasa kifi, manomin shinkafa ya rasa damshi, makiyayi ya rasa mashaya. Idan abinci ya yi ƙaranci, wasu sukan shiga gandu su sari itace ko su ɗana wa tsuntsaye tarko.

Da rana ta take, suka juyo ta hanyar da suka bi. Da suka iso gindin giyayyar nan, ɗalibar ta tsaya ta auna zanen da tafin hannunta, ta rubuta a littafinta. Ta ce baɗi za ta dawo ta ga inda ruwa zai tsaya.

Ma'anar Kalmomi
malala: bazuwar ruwa a kan ƙasa
fadama: ƙasa mai damshi wadda ruwa ke kwanciya a kanta
tumbatsa: cika har ruwa ya zuba
ƙaura: barin wuri zuwa wani
hunturu: lokacin sanyi da hazo
mashaya: wurin da dabbobi ke shan ruwa

Tambayoyi
1. Me ya sa ruwa ba ya faɗowa daga kan dutse a arewacin Yobe?
2. Kawo kashi uku na Gandun Dajin Yankin Tafkin Cadi.
3. Waɗanne dokoki dattijon ya ba ɗalibai?
4. Me zanen da ke jikin giyayya yake nunawa?
5. Faɗi abubuwa biyu da suka sauya tafiyar ruwa a fadamun.
6. Su wane ne ke shan wahala idan ambaliya ta ragu?

Nahawu: Lokaci Sabau
Ana amfani da "kan" wajen nuna aikin da aka saba yi. Misali: Tsuntsaye sukan yi ƙaura. Tafkin yakan janye. Mayar da waɗannan jimloli zuwa lokaci sabau:
1. Masunci ya kama kifi.
2. Ɗaliba ta rubuta labari.
3. Mun ziyarci tafki.

Aiki
Rubuta jimla goma a kan wani kogi, tafki ko rijiya da ke garinku. Nuna inda ruwan yake fitowa da kuma waɗanda suke amfani da shi.