Ga Masu Shiga Ajin Fiziks na Shekarar Farko

 Da yawanku, ko likitanci kuka zo yi, ko injiniya, ko haɗa magunguna, ko aikin gona, sai kun bi ta ƙofa ɗaya a shekarar farko, wato PHY 101. Tun kafin ku zauna a aji za ku sha labarin kwas ɗin daga bakin waɗanda suka riga ku: malam wane ba ya ba da maki, malam wane sauri yake ba ya waiwaye, rabin aji kari-oba suke kwasa. Ku saurara, amma kada ku ɗauki tsoron wani ku ɗora wa kanku. Wanda ya faɗi jarrabawa yakan tuna halin malaminsa sarai, ya manta yadda shi kansa ya yi karatun.

Gaskiya ne akwai wahala. Zauren lakca zai cika da ɗaruruwan ɗalibai, wata rana lasifika ta ƙi aiki, na baya ba sa ganin allo sai ƙeyar na gabansu. Maganin wannan kun san shi: a yi sammako, a zauna gaba, a karanta babin kafin a shigo. Ba wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami ba.

Abin da ya fi kayar da ɗalibai a wannan kwas, a ganina, shi ne kowannenku ya shigo da fiziks ɗinsa tun daga gida, kuma bai san ya shigo da shi ba. Kun tura baro, kun jefa dutse a bishiyar mangwaro, kun ja guga a rijiya. Jikinku ya koya muku cewa abu ba ya tafiya sai ana tura shi, in an daina turawa ya tsaya, kuma mai nauyi yana riga marar nauyi faɗuwa. Ba ku kaɗai kuka yi wannan tunanin ba. Aristotal na ƙasar Girka ya koyar da makamancinsa, masana kuma suka riƙe shi kusan shekara dubu biyu. Sai da Galileo ya zauna a Italiya yana gangarar da ƙwallaye a kan katako, yana auna lokaci da ruwan da ke tsiyaya, kafin aka fara sakin wannan ra'ayi, sannan Newton ya fitar da dokokinsa uku na motsi a littafinsa na 1687. A 1971 ɗan sama jannati David Scott ya tsaya a kan wata, inda babu iska, ya saki guduma da gashin tsuntsu a lokaci guda, suka taɓa ƙasa tare. Hoton bidiyon yana nan a intanet, ku nema ku gani da idonku. To abin da ya ɗauki manyan masana ƙarnoni kafin su rabu da shi, ku ana so ku rabu da shi cikin zango ɗaya. Don haka in kun ji kanku ya ɗaure, ba daƙiƙanci ba ne.

Bari in gwada ku da tambaya. Tirela ɗauke da siminti ta yi karo da Keke Napep, Allah ya kiyaye. A lokacin karon, wa ya fi dukan wani da ƙarfi? Zuciya za ta yi wuf ta ce tirela mana, dubi yadda keken ya lotse. Amma dokar Newton ta uku, wadda kuka haddace tun sakandare kuka ci WAEC da JAMB da ita, cewa ta yi ƙarfin da tirela ta doki keke da shi daidai yake da wanda keke ya doki tirela da shi, ba ragi ba ƙari. Bambancin yana wajen wanda aka doka. Ƙarfi ɗaya ne, amma keke ba shi da nauyi, sai gudunsa ya sauya farat ɗaya, ita kuwa tirela da ƙyar direbanta zai ji girgiza. Ga wata kuma: ku jefa kwabo sama. Bayan ya bar hannu, me ke tura shi? Yawancin ɗalibai za su ce ƙarfin hannu ne ke binsa yana raguwa a hankali. Babu wani ƙarfin hannu da ke binsa. In an ajiye batun iska, janyowar ƙasa kaɗai ke aiki a kansa, tana rage masa gudu da mita 9.8 a daƙiƙa cikin kowace daƙiƙa, kuma ko a can ƙololuwa inda ya tsaya cak na ɗan lokaci, ba ta sake shi ba.

Ɗalibi yana iya rera dokokin Newton da ka, ya cusa lambobi a fomula ya samu amsa, alhali tsohon tunaninsa yana nan daram a ƙasa. Ranar da malami ya ɗan juya tambaya, tsohon tunanin ne zai amsa. Wannan ne asalin kukan da kuke ji cewa malam ya kawo abin da bai koyar ba. Sau da yawa ya koyar, siga kawai ya sauya.

Kada ku ɗauka matsalar ta jami'o'inmu ce kaɗai. Akwai wani farfesan fiziks a Jami'ar Harvard ta Amurka, Eric Mazur. Ɗalibansa suna yabon lakcarsa, suna cin jarrabawarsa, shi ma hankalinsa kwance. Wajen 1990 ya karanta binciken Ibrahim Halloun da David Hestenes, waɗanda suka nuna cewa ɗalibai suna gama kwas ɗin shekarar farko ba tare da tunaninsu kan motsi ya sauya sosai ba. Ya ce bari ya gwada nasa da irin waɗannan tambayoyi marasa lissafi. Ana cikin gwajin wata ɗaliba ta tambaye shi ko ta amsa yadda ya koya musu, ko kuwa yadda ita take ganin abin a ranta. Sakamakon ya girgiza shi. Daga 1991 ya sauya salon koyarwarsa: ya jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsarsa shi kaɗai, sannan ya juya ga na kusa da shi ya yi ƙoƙarin gamsar da shi, a sake zaɓa. Ya lura cewa ɗalibin da bai daɗe da ganewa ba yakan fi farfesa iya warware wa ɗan'uwansa, domin bai manta inda ƙullin yake ba. A 1998 Richard Hake ya tattara sakamakon kwasa-kwasai 62 masu ɗalibai sama da 6,000. Azuzuwan da ake zuba lakca kawai sun cike kusan kashi 23 cikin ɗari na giɓin fahimtar da suka shigo da shi, waɗanda ake sa ɗalibai muhawara da aiki da hannu kuwa suka cike kusan kashi 48.

Ba lallai malaminku ya yi muku irin wannan a zaure mai cike da jama'a ba, kuma ban ga laifinsa ba in bai yi ba. Amma ku babu abin da ya hana ku yi wa kanku. Ku haɗu ku uku ko huɗu, kada ku wuce haka, ku ɗauki tambaya ɗaya, kowa ya rubuta amsarsa da dalilinsa kafin a buɗe baki. Sannan a yi musu, musu na ilimi, har sai an ga inda wani ya kauce. Wanda amsarsa ta fita ba daidai ba shi ya fi kowa riba a zaman, don ya kama ɓarawon da ke ɓoye a kansa tun kafin ranar jarrabawa. Ku 'yan mata, kada kunya ta sa ku zama masu kwafar abin da aka rubuta kawai. Ku faɗi naku dalilin, a ji. Tutoriyal ɗin da wani gwani zai tsaya a allo yana warwarewa ku kuna gyaɗa kai yana da amfaninsa, amma kallon mai iyo bai taɓa koya wa kowa iyo ba.

In kun zauna warware tambaya, kada hannu ya fara zuwa kan kalkuleta. A fara da zane. Guga ne cike da ruwa, kilo 10, ana jawo shi daga rijiya: ku zana gugan, ku sa kibiya ɗaya ƙasa ta janyowar ƙasa, wato niyuton 98, ku sa ɗaya sama ta igiya. Sannan ku tambayi kanku, gudun gugan yana sauyawa? In yana hawa da gudu ɗaya ba ƙari ba ragi, igiyar niyuton 98 take ja, ba fiye ba, ko da yake zuciya tana raya muku cewa sai na sama ya fi kafin abu ya hau. A farkon fizga ne kawai, lokacin da gudu ke ƙaruwa, igiya ke ɗaukar fiye da haka, shi ya sa tsohuwar igiya ta fi tsinkewa a fizgar farko. Ku yi aikin da haruffa har ƙarshe kafin ku sa lambobi. In amsa ta fito, ku dube ta da hankalin da Allah ya ba ku: mutum ba ya gudun mita 300 a daƙiƙa, ko me kalkuleta ta ce. Ku kuma kula da ma'auni, kada a haɗa santimita da mita a tukunya ɗaya. A 1999 hukumar NASA ta yi asarar kumbon da ta aika duniyar Mars saboda wani rukunin injiniyoyi ya yi lissafi da ma'aunin fam, ɗayan kuma ya karanta lambobin a matsayin niyuton. Lissafin kusurwoyi da kuka baro a sakandare, sain da kosain, ku koma ku wanke shi a makon farko, don rarraba ƙarfi gida biyu ba ya yiwuwa sai da shi.

Shi kuwa malami, ku ba shi girmansa ko yaya halinsa yake. Wani mai zafi ne, wani muryarsa ba ta fita, wani yana da daɗin baki har ba a so ya tsaya. Na ƙarshen nan ma ina so ku yi hattara da shi, ba don mugu ba ne, sai don bayani mai daɗi yana sa mutum ya ji kamar ya gane. Richard Feynman, wanda ya ci kyautar Nobel a 1965, ya koyar da ɗaliban shekarar farko da ta biyu a Caltech daga 1961 zuwa 1963, kuma har gobe ana karanta waɗannan lakcoci a duk duniya. Duk da haka shi da kansa ya rubuta a gabatarwar littafin cewa bai gamsu da yadda ɗaliban suka amfana ba. In kun fito daga lakca kuna jin komai ya zauna, ku rufe littafi a daren nan ku gwada tambaya biyu ku kaɗai, a nan za ku san gaskiya.

In za ku kai wa malami tambaya, kada ku je da "Malam ban gane ba" kawai. Ku je da takardar da kuka yi fama a kanta, ku ce, "Malam, ga inda na kawo, daga wannan layin na kasa wucewa." Na sha ganin malamin da ake tsoro ya ja kujera ya zauna saboda irin wannan takarda. Ku je a lokacin da ya ware, ku je ku biyu ko uku, musamman ku mata, hakan ya fi mutunci ga kowa. In kuma aka zalunce ku da gaske, a maki ko a wata buƙata da ba ta dace ba, akwai malami mai kula da ajinku, akwai shugaban sashe, ku kai kuka da hujja kada ku haɗiye. Batun abin karantawa kuwa, handawut taƙaitawa ce. Littafin Halliday da Resnick, ko na Nelkon da Parker, yana nan a laburare, tambayoyin ƙarshen babi su ne dukiyar da ke cikinsa.

Saura furaktikal, wanda ɗalibai suka fi rainawa. Za a ba ku zare da ɗan ƙarfe mai nauyi da agogon auna daƙiƙa, a ce ku nemo ƙarfin janyowar ƙasa. Zare mai tsawon mita ɗaya yana ɗaukar kusan daƙiƙa biyu ya je ya dawo. Za ku ƙirga lilo ashirin ku raba, don kuskuren yatsa wajen danna agogo ya ragu, ku sauya tsawon zaren, ku maimaita, ku zana giraf. Wataƙila ku samu 9.5, wataƙila 10.1. A nan ne wani zai raɗa muku cewa ai an san amsar, a gyara lambobin su ba da 9.8, ko a kwafi rahoton 'yan bara. Ina roƙonku kada ku yi. Ku rubuta abin da kuka auna, ku bayyana inda kuke zaton kuskure ya shigo: ko daga ƙugiya zuwa saman ƙarfen kuka auna maimakon tsakiyarsa, ko kun ja lilon ya buɗe da yawa, ko fanka na kaɗawa. Malamin kirki ya fi son 9.5 mai dalili a kan 9.8 na ƙarya, kuma yana gane na ƙaryar, don ma'aunin gaskiya ba ya faɗawa kan layi tsaf. Ibn al-Haisam, wanda ya rubuta Kitabul Manazir a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, da gwaji a ɗaki mai duhu ya kafa hujjarsa cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke fitar da shi ba, alhali manyan magabata irin su Batlimus sun tafi a kan akasin haka. Ku kuma gobe awon jinin marar lafiya ko ƙarfin ginshiƙin gada za a damƙa muku, kuma hannun da ya saba gyara lamba a aji ɗaya da wuya ya daina.

Tes ɗin farko yakan zo da zafi, har ga waɗanda suka saba zuwa na ɗaya a makarantunsu. In makin bai yi daɗi ba, kada ku cusa takardar a ƙasan akwati, kada kuma ku ɓoye wa iyayenku. Ku baje ta a gaban abokan karatunku, ku bi tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, ku ware wadda lissafi ya kayar da ku, da wadda gaggawa ce, da wadda tsohon tunanin nan ne ya amsa a madadinku. Ta ukun nan ita za ku fi ba lokaci, don PHY 102 na zango na biyu, inda za a shiga lantarki da maganaɗisu, a kan waɗannan kibiyoyi da dokokin Newton ɗin zai hau.