Zomon da Ya Ƙi Kwana Cikin Rami

Darasinmu na wannan wata yana bisa wani littafin Turanci mai suna Watership Down, wanda Richard Adams, mutumin Ingila, ya wallafa a 1972. Da fari labari ne da ya riƙa gaya wa 'ya'yansa mata biyu cikin mota. Sai mu lura, zomon ƙasarsu yakan haƙa rami ya zauna cikin taro kamar gari. Namu na jeji cikin ciyawa yake kwanciya.

Akwai wani ɗan ƙaramin zomo, Fiver. Wata rana da maraice ya ga an kafa allo mai rubutu kusa da garinsu. Bai iya karatu ba, amma jikinsa ya ba shi, har ya ga kamar jini ya rufe filin. Shi da ɗan'uwansa Hazel suka kai magana gaban sarkinsu. Sarki ya ƙi ji. Kada mu yi saurin ce da shi wawa, gama yana da hujja: in aka ta da gari duka a kan mafarkin yaro, dila da mujiya za su cinye masu yawa a hanya. Mu mazaunan Tirkaniya mun san nauyin wannan hujja tun rikicin Kaduna na 2000, sa'ad da jita-jita takan ta da unguwa da tsakar dare, maigida ya rasa ko zama ya fi ko gudu. Duk da haka zomaye 11 suka fita. Daga baya labari ya iske su, cewa mutane sun toshe ramukan sun hura iskar guba ciki, domin za a gina gidaje a wurin.

Amma abin da ya fi kama hankalinmu yana gaba. Bayan wahalar tafiya suka iske wani gari na zomaye masu ƙiba, gashinsu yana sheƙi. Manomi yana zuba musu karas, yana kuma harbe abokan gabansu. Aka karɓi baƙin hannu biyu. Fiver kaɗai ya ƙi kwana ciki, ya tafi ƙarƙashin itace cikin sanyi. Hazel kuwa, wanda ya gaskata shi da fari, wannan karo ya ji haushinsa. Me ya sake? Cikinsa ya cika, shi ke nan.

Ga shi kuwa alamu suna nan a fili, ba sai mai wahayi ba. Ramuka da yawa, mazauna kaɗan. In ka tambayi ɗan garin, wane yana ina, sai ya kawo wata magana. A ganinmu Fiver bai fi 'yan'uwansa ido ba. Abin da kowa ya gani ne shi ya ƙi kawar da kai daga gare shi. Sai da tarkon waya ya shaƙe wuyan Bigwig, ƙaƙƙarfansu, suka tone turken da ƙyar suka cece shi, kana suka gane manomin kiwonsu yake yi domin tukunya. 'Yan garin sun sani tun tuni, sun dai yarda kada kowa ya ambata.

A ranar suka bar wurin. Zomo ɗaya daga garin, wanda tarko ya kashe matarsa, ya roƙe su, suka tafi da shi.